Idan Mai Gida Ya Sa Gida a Kasuwa: Matsayin Malami Ɗan Haya

Jawabin da aka gabatar a taron mambobin Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya, reshen Ƙaramar Hukumar Illela



An umurce ni da in yi magana a kan wani al'amari da kusan kowa a cikinmu ya taɓa gani, ko a kansa ko a kan maƙwabcinsa. Malami yana zaune a gidan haya da iyalinsa, ya biya kuɗin shekara, wa'adi bai cika ba, sai a wayi gari a aiko masa cewa an sa gidan a kasuwa, ko ma ciniki ya riga ya faɗa, saboda haka ya nemi wuri kafin ƙarshen wata. Abin da mafi yawanmu ke yi a irin wannan hali shi ne mu ce "to, Allah ya sa haka ya fi alheri", mu shiga neman amalanke. Abin da na zo in tabbatar muku a yau shi ne, sayar da gida ba ya warware haya. Shari'ar Musulunci ba ta ce ya warware ba, dokar ƙasa ma ba ta ce ba. Wanda ya biya kuɗin zama na wani lokaci, wannan lokacin mallakarsa ne, kuma ba ya fita daga hannunsa sai da yardarsa ko da hukuncin kotu.

Bari mu fara da garinmu, domin Illela ba kamar kowane gari ba ce ta fuskar gidaje. Muna bakin iyaka, Birnin Ƙonni na kallonmu, kuma arzikin garin yana hawa da sauka ne gwargwadon buɗewar wannan ƙofa. Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakoki a watan Agustan 2019, ba a buɗe tamu ba sai a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. Akasarin masu gidajen da muke haya 'yan kasuwa ne, masu harkar dabbobi da hatsi da sufuri. Ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, bashi ya taso masa, abin da zai fara dubawa shi ne gidan da ba shi yake kwana a ciki ba. Sannan ga babbar hanyar da aka ƙaddamar da aikinta a ƙarshen 2024, wadda za ta tashi daga nan Illela har Badagiri a Jihar Legas. Tun daga jin labarinta masu filaye da gidaje suka fara yi wa kayansu wani irin kallo. Ga kuma dalilin da ya girmi duk waɗannan, wato rabon gado: mai gida ya rasu, magada sun yi yawa, gida ba ya rabuwa, sai a sayar a raba kuɗi. Duk waɗannan dalilai ne na halal, kuma ban zo nan don in zagi masu gidaje ba. Mutum yana da ikon sayar da abinsa. Tambayar ita ce, me ya sayar?

A nan malamanmu na fiƙihu suka yi bayani mai gamsarwa, kuma ya kamata mu da muke koyar da 'ya'yan mutane mu san shi. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce kotunan shari'armu ke bi, haya ciniki ce: ciniki na amfanin abu, yayin da abin kansa yake nan a hannun mai shi. Ranar da ka ba mai gida kuɗin shekara ya karɓa, ya sayar maka da zaman wata goma sha biyu. Idan bayan wata biyar ya sayar wa wani da gidan, ya sayar masa da gini da fili, amma zaman wata bakwai da ya rage ba ya cikin abin da yake iya sayarwa, domin ya riga ya fita daga hannunsa. Cinikin gidan ya inganta, hayar ma tana nan daram. Har malamai sun halatta a sayar da gida bisa sharaɗin mai saye ba zai karɓa ba sai bayan shekara guda. Idan kuwa mai gida ya ɓoye wa mai saye cewa akwai ɗan haya a ciki, wannan rigima ce tsakaninsu su biyu. Mai saye ya zaɓa, ko ya haƙura ya jira, ko ya koma wa wanda ya sayar masa. Kai ba ka cikin wannan shari'a. Kowa ya ci ladan kuturu, shi zai yi masa aski.

Haka nan mutuwa. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa mutuwar mazaunin gida ba ta rushe haya, kuma a mazhabar haka hukuncin yake idan mai gidan ne ya rasu. Magada sun gaji gidan tare da alkawarin da ke kansa. Ina so matan malamai da ke karanta wannan mujalla tamu su riƙe wannan da kyau: idan Allah ya yi wa maigida rasuwa alhali ya biya haya, ragowar watannin na cikin abin da ya bari, ba wanda ke da ikon cewa ku tashi don kawai wanda ya yi cinikin ba ya raye.

Sai dai akwai wani rarrabewa da ya wajaba a sani, domin a nan da yawa daga cikinmu suke da rauni. Malikiyya sun raba hayar gida kashi biyu. Akwai wadda aka yanke mata wa'adi, kamar a ce "na ba ka hayar gidan nan shekara ɗaya daga watan kaza", ita suke kira wajiba, kuma ta lazimci kowa har ƙarshenta. Akwai kuma wadda ake cewa "kowane wata kaza" ba tare da an faɗi ƙarshe ba, ita ce mushahara. Wannan kowane ɓangare yana iya janyewa, sai fa gwargwadon abin da aka riga aka biya, shi kam ya zama dole a cika shi. To malamin da ke biyan wata-wata saboda yanayin albashi, ya san cewa igiyarsa gajera ce. Kariyar da yake da ita ba ta kai ta mai biyan shekara ba.

Dokar ƙasa ta bi wannan hanya ta wata fuska. A wurinta, wanda ya sayi gida da ɗan haya a ciki ya maye gurbin tsohon mai gida ne, da haƙƙinsa da nauyinsa. Idan yana son gidan, sai ya bi matakan da dokar karɓar gida daga ɗan haya ta shimfiɗa. Matuƙar ba a rubuta wani wa'adi dabam a yarjejeniya ba, mai biyan mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biyan wata-wata na wata guda, mai biyan wata uku-uku na wata uku, mai zaman shekara-shekara kuma na wata shida. Bayan wannan ya cika, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai, ta sanar da shi cewa mai gida zai tafi kotu. Daga nan sai kotu, kuma ma'aikatan kotu ne kaɗai ke fitar da mutum, bayan an yi hukunci. Wanda kuwa aka rubuta masa ranar shiga da ranar fita, hayarsa tana ƙarewa da kanta idan ranar ta zo, abin da ya rage masa shi ne takardar kwana bakwai ɗin nan kawai. Ku lura da sharaɗin da na ambata: abin da kuka sa wa hannu yana gaba da waɗannan wa'adodi. Idan takardar ta ce za a iya tashinka da notis na wata ɗaya in an sami mai saye, kuma ka sa hannu ba ka karanta ba, to ka ɗaure kanka da kanka.

Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta, sa kwado, ko turo matasa su watso kaya waje, duk doka ba ta yarda da su ba, ko da kuwa ana bin ɗan haya bashi. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun a 1986 a shari'ar Eliochin da Mbadiwe, ta kuma maimaita a 1997 a shari'ar Ihenacho da Uzochukwu: mai gidan da ya shiga da ƙarfi ya fitar da ɗan haya ba da umurnin kotu ba, shi ne mai laifin kutse, kuma zai biya diyya. Aikin ɗan sanda ma ba ya haɗa da tashin ɗan haya. Amma kada wani ya ji wannan ya ɗauka ya sami mafaka ta har abada. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, Kotun Ƙoli ta nuna ƙosawarta da 'yan hayar da ke fakewa da ɗan kuskure a cikin notis su shekara da shekaru a gidan mutane. Doka tana ba ka lokaci ka shirya. Ba ta ba ka gidan ba.

Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi faruwa a zahiri. Mafi yawan lokuta ba a kai ga kotu, kuma a ganina bai kamata a kai ba. Mai saye yana son gida ba kowa a ciki, mai sayarwa yana son kuɗinsa, kai kuma ba ka son zama a inda ake kallonka kamar ƙaya. Mafita ita ce abin da fiƙihu ke kira iƙala, wato ɓangarori biyu su yarda su warware cinikin da ke tsakaninsu. Wannan abu ne mai kyau, addini ma ya kwaɗaitar da shi. Amma tun da yarda ce, tana da farashi, kuma kai ne ake nema da alfarma. Wannan shi ne abin da malami yake mantawa idan ya ga mai gida ya zo da dattawa biyu da dillali.

Mu ɗauki misali, mu yi lissafi kamar a aji. A ce hayarka N180,000 ce a shekara, ka biya a farkon Janairu, aka ce ka tashi a ƙarshen Mayu. Kowane wata ya kama N15,000. Wata bakwai ya rage, wato N105,000. Wannan kuɗinka ne tsantsa, mayar maka da shi ba kyauta ba ce, kuma ba a kansa ake ciniki ba. Cinikin yana kan abin da tashin zai jawo maka. Sabon gidan da za ka samu, a ce N240,000 ne, za a nemi shekara cif a hannu, ga la'adar dillali, ga kuɗin motar kwasar kaya, ga ɗan gyaran da ba a rasa ba. Ka ga N105,000 ɗin ba ta kai rabin abin da za ka fitar a mako guda ba, a tsakiyar shekarar da ba ka yi tanadinta ba. Saboda haka ba rashin kunya ba ne ka ce a ƙara maka kuɗin kwasar kaya da la'ada, ko a bar ka wata guda ko biyu kyauta kana neman wuri. Wanda ke shirin karɓar miliyoyi ba zai rushe cinikinsa a kan wannan ba. In kuma ya ƙi, kana da ikon cewa za ka cika wa'adinka, cikin ladabi, ba tare da ɗaga murya ba.

Ina kuma ba da shawara a sa kalandar makaranta a cikin maganar. Malamin da aka tasa a tsakiyar zango, ko a makon jarrabawa, ba shi kaɗai abin ke shafa ba. Ajinsa zai zauna ba malami yana yawon neman ɗaki, 'ya'yansa su canza makarantar allo, in kuwa bai samu a cikin gari ba ya koma wajen Kalmalo ko Araba yana biyan kuɗin babur kullum. Ku nemi ranar fita ta faɗo a cikin hutu. Wannan buƙata ce da dattawan kirki ba sa ƙi idan an yi musu bayani.

Duk abin da aka daidaita a kai, a rubuta. Mu ne masu koyar da rubutu a ƙasar nan, amma abin mamaki mu ne muka fi kowa zama a gidan haya ba takarda, ba ko rasit. Ana cewa ai mai gidan uba ne, neman takarda a wurinsa raini ne. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba don ana zargin kowa ba. Mai gidan da ka amince da shi yana iya rasuwa, yana iya sayarwa ya koma Sakkwato ko Ƙonni, ka wayi gari da mutumin da bai san ka ba, bai san abin da kuka yi da baki ba. Takardar iƙala ba ta buƙatar Turanci. A rubuta ta da Hausa, da boko ko da ajami. A sa sunan mai gida da naka, da inda gidan yake, da ranar da aka shiga, da abin da aka biya, da ranar fita, da adadin da za a mayar, da ranar da za a biya shi, da wanda zai biya, tsohon mai gida ko sabo. A sa shaidu biyu, in da hali har da mai unguwa. Wannan magana ta wanda zai biya ita ce ramin da aka fi faɗawa: mai sayarwa ya ce ai ya bar wa mai saye, mai saye ya ce shi gida ya saya, ba bashi ba.

Sannan kada mabuɗi ya bar hannunka kafin kuɗin su shigo hannunka. Muddin kana cikin gidan, kowa yana neman ka; ranar da ka fita, kai za ka koma mai sintiri a ƙofar mutane. Idan an ce sai mai saye ya cika kuɗi, to a ajiye naka a hannun amintacce da kuka yarda da shi, ko a yi musayar a zama ɗaya. In ta banki aka turo, a adana shaidar.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke tasowa tun kafin ciniki ya faɗa. Na farko shi ne masu zuwa duba gida. Gidajenmu gidajen iyali ne, akwai mata a ciki, kuma mai gida ba shi da ikon shigo da baƙin maza duk lokacin da ya ga dama, kai kana makaranta. Ba daidai ba ne ka hana dubawa gaba ɗaya, don hakan cutarwa ce gare shi; amma ka yanke lokaci, bayan an tashi daga makaranta ko ranar Asabar, kuma a sanar da kai tukuna. Na biyu, da zarar ka ji ƙishin-ƙishin ɗin sayarwa, kada ka biya hayar gaba mai tsawo, ko da an yi maka rangwame, sai da takardar da ta ambaci wa'adin a fili. Kada kuma ka biya wani baƙo da ya zo ya ce shi ne sabon mai gida, har sai tsohon ya gabatar maka da shi a gaban shaidu ko a rubuce. Gidan gado musamman yana buƙatar hattara, domin wani lokaci ɗaya daga cikin magada ne ya sayar ba da sanin sauran ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ma ta shar'anta amincewar gwamna kafin a mayar da mallakar filin da ke da takardar gwamnatin jiha zuwa wani, ta ƙaramar hukuma kuma a filayen gargajiya, don haka "na saya" da baki bai isa hujja ba.

Batun gyara kuwa, wanda ya yi siminti, ko ya haƙa masai, ko ya canza kwanon ɗaki da izinin mai gida bisa cewa za a cire daga haya, ya kawo lissafinsa a wannan zaman, domin bayan shi ba wani zama. Wanda ya yi ba da izini ba, hujjarsa ba ta da ƙarfi. Wasu kuma suna tambaya ko ɗan haya ya fi kowa haƙƙin sayen gidan. A Malikiyya shuf'a ta abokin tarayya ce a cikin abin da ba a raba ba. Maƙwabci ma ba shi da ita, balle ɗan haya. Idan an fara yi maka tayi, mutunci ne aka yi maka.

Adalci ya sa in juya maganar ta ɗaya fuskar. Yadda hayar ta ɗaure mai gida, haka ta ɗaure ka. Idan kai ne ka ji labarin sayarwa ka tsorata, ko ka sami wani gida da ya fi, ko aka yi maka canjin wurin aiki, ba ka da ikon kwashe kaya ka ce a mayar maka da ragowar kuɗi dole; sai mai gida ya yarda, ko a sami wanda zai maye gurbinka da amincewarsa. Inda ake mayar da kuɗi ba tare da neman yarda ba shi ne inda zama ya gagara, kamar gida ya rushe, ko hukuma ta karɓe shi don aikin hanya. Haka kuma malamin da ake bi hayar wata huɗu ba zai shiga wannan zama da ƙarfin da mai biya kan kari yake da shi ba. Na san jinkirin albashi ba laifinmu ba ne, amma a gaban alƙali bashi bashi ne. Wanda ya makara ya je da ƙafarsa ya yi bayani, ya biya abin da ya samu, ya karɓi rasit. A biya kuɗin wuta da na ruwa kafin a fita, a bar gida a share. Malamin da zai zo neman ɗaki bayanka da sunanka za a auna shi.

Waɗanda iyalansu ke da shago a tsallake su sani cewa Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta OHADA, kuma ita ma ta ce hayar wurin sana'a ba ta ƙarewa don mai wurin ya canza. Sabon mai shi yana ɗaukar nauyin tsohon.

Abin da nake roƙon reshe ya yi ba mai tsada ba ne. A tsara takardar haya ta shafi ɗaya da Hausa, da takardar iƙala irinta, a buga a ajiye a ofishin reshe da ofishin kowane shugaban makaranta, duk malamin da aka turo sabo a ba shi tun ranar da ya kawo takardar kama aiki. A kuma zaɓi dattawa biyu ko uku daga cikinmu waɗanda za su riƙa raka mamba zuwa irin wannan zama, domin matashin malami da ya zo daga Gwadabawa ko Tangaza, ba shi da kowa a gari, ba zai iya buɗe baki a gaban sa'an mahaifinsa ba, malama mace kuma abin ya fi yi mata nauyi. Inda sulhu ya gagara a wurin mai unguwa da hakimi, akwai kotu, akwai kuma ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a a Sakkwato ga wanda ba shi da kuɗin lauya. Wanda yake da takardar notis a hannunsa yanzu, ya kawo ta ga sakatare bayan an tashi, tare da rasit ɗinsa na ƙarshe, a duba kwanan watan da ke jikinsu tun yau.